Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da Turanci a makarantun sakandare tsakanin Gumel da Maigatari, kuma ban taɓa jin kunyar Turancina ba sai a kan wata fassara guda da na yi a tsakar gidan Inna. Ba wata kalma ce ta gagare ni ba. Na san abin da ya kamata in faɗa sarai, na ƙi faɗa.

Mu biyar Inna ta haifa, maza biyu da mata uku a tsakani. Yaya ne na fari, ni ne auta. Ƙauyenmu yana bayan Gagarawa Tasha, tafiyar kusan awa ɗaya a ƙafa. Ina aji uku a firamare Yaya ya sami gurbin karatu a Ingila, maza suka raka shi tasha ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Shekara uku aka ce zai yi. Ya gama karatu, ya sami aiki, ya auri Baturiya, ya haifi 'ya mace, ya miƙe ƙafa. Sau biyu kacal ya zo gida, kuma duk zuwan da ya yi abin da na fi tunawa shi ne tambayar da yake yi ko an tafasa ruwan sha. A can ya rasu, a can aka binne shi, mu dai labari muka samu ta waya.

Ni na zauna. Ni na binne Baba. Ni ne na kai Inna asibiti a Gumel, ni ne na gyaran katanga bayan kowace damina, ni ne na lallashi duk lokacin da na ce ta dawo gidana ta ce ita ba ta barin ɗakinta. Amma duk wanda ya shigo gaishe ta, kafin ya gama zama zai ce, “Ina labarin na Ingila?” Sai in ga fuskarta ta ɗan yi haske, ta ce, “Suna nan lafiya,” ta kawar da zancen. Ina gefe ina jin abin yana ci na. Ba zan ɓoye ba, na yi shekaru ina jin haushin ɗan uwana, kuma mutuwarsa ba ta rage haushin ba, sai ma ta hana ni wanda zan yi wa.

Inna daga wani ƙauye can gaba da Sule Tankarkar aka auro ta, mutanen da suke riƙe da kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. “Wancan,” take cewa, ko “ɗan uwanka.” In wani yaro a unguwa ya ci sunansa, sai ta laƙaba masa wani na daban, har ya bi shi zuwa girma. Ran da Yaya ya zo gida karon farko ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, bango ta fuskanta ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, kamar baƙon da ya zo tambayar hanya. Yana fita ta sa aka yanka zakaran da ta hana a taɓa har da salla. Kowa a gidan ya san ma'anar wannan, ba a bukatar bayani. Sunana ni kuwa ya sha kira har ya gaji. Daga asuba zuwa magariba yana bakinta: kawo wannan, kai wancan, ina ka shiga, wa ya bar akuya a sake.

Bayan rasuwar Yaya da 'yan shekaru, ina fansho a gidana na Gumel, 'yarsa ta kira ni ta ce za ta zo. Ta ce ita mai zane ce. Na ɗauka irin masu zana fuskar mutum da fensir ne, har na ce mata ai muna da irinsu a bakin tasha. Ta yi dariya, ta ce idan ta zo zan gani.

Da ta sauko daga mota na tsaya ina kallonta. Goshin Yaya ne, da tafiyarsa ta karkata kafaɗa ɗaya. Mace ce ta kusa arba'in, ba ta da Hausa sai “sannu” da “na gode,” kuma duka biyun a karkace suke fitowa. “Ankul” ta fara ce mini, na ce a nan Baffa ake cewa. Ta maimaita har sau uku, ta rubuta a wani ɗan littafi. Duk maganar da muka yi da ita da Turanci muka yi, ni ne nake mayar da ita Hausa a nan.

A zaurena ta buɗe kwamfuta ta nuna mini wasu tsofaffin hotuna da ta samo a wani ɗakin adana takardu na ƙasarsu. Turawan mulki ne suka ɗauka a kasuwannin wannan yanki namu na bakin iyaka. Ga mace da goyo tana auna gero. Ga ɗan dako da buhun gyaɗa. Ga wani tsoho riƙe da akalar raƙumi yana hararar mai ɗaukar hoton, harara irin ta mutanenmu sak. A ƙasan kowane an rubuta abu kamar “mace da ɗanta,” “mai ɗaukar kaya,” “tsoho.” Sai ta nuna mini hoton Baturen da ya ɗauke su, shi da kansa a kan kujera. An rubuta cikakken sunansa da muƙaminsa, har da sunan karen da ke kwance a ƙafarsa.

“Ka gani, Baffa?” ta ce. “Sun ɗauki fuskokinmu sun bar sunayenmu. Kare yana da suna, wannan matar ba ta da shi. In kana so ka shafe mutum, ka hana shi sunansa.”

Aikin da take shiryawa na baje koli ne a wani babban zaure a garinsu. Za ta rataya waɗannan hotuna a bango, a tsakiyar zauren kuma ta jera tukwanen ƙasa. A cikin kowace tukunya akwai 'yar lasifika. In ka sunkuya ka kara kunne, sai ka ji muryar wata uwa tana kiran sunan ɗanta da ya tafi ƙasar waje bai dawo ba. Ta zaga ƙasashe da dama tana naɗar muryoyin nan, ta ma sa mini wasu na ji. Harsunan ban san su ba, amma na saurara har ƙarshe. Tukunya ɗaya ta rage, ta mahaifinta. Ita ce dalilin zuwanta Gumel.

Tun a zauren nan na san Inna ba za ta faɗa ba. Da na buɗe baki a lokacin, da maganar ta ƙare cikin minti biyu. Sai na ce a raina bari ta huta tukuna, ta sha hanya.

Washegari Alhamis muka je kasuwar Maigatari neman tukunya. Ta ce dole ta ƙasar nan take so. Muka kutsa tsakanin manyan motoci da 'yan acaɓa da shanu, tana tsayawa kowane taku tana ɗaukar hoto, ina jan ta kada ƙaho ya tsone mata ido. A layin masu tukwane ta zaɓi wata 'yar madaidaiciya a wurin wata mata da ta tsallako daga Nijar. Matar ta ƙwanƙwasa mata gindin tukunyar da yatsa don ta ji ba ta da tsaga, ita kuma ta sa matar ta sake ƙwanƙwasawa ta naɗi ƙarar. Matar ta dube ni ta ce, “Malam, lafiyarta ƙalau kuwa?” Na ce lafiya lau, sana'arta ke nan. Daga nan ta sa na kai ta ta ga inda iyaka ta ratsa, ta daɗe tana kallon gonar gero guda da aka ce rabinta namu ne rabinta na Nijar.

Yarinyar ta shiga raina, ba zan ce ba ta shiga ba. Amma tun safe tambaya ɗaya take yi ta fuskoki daban-daban. A ina babana ya yi wasa? Me yake so ya ci? Wace bishiya yake hawa? Ina amsawa, ina tuƙi, ina ɗaukar mata jaka. Ko sau ɗaya ba ta ce, Baffa, kai fa, yaya ka yi bayan tafiyarsa? Mutumin da ya bar mu ya mutu ma shi ake zuwa nema daga Ingila da kyamara, ni da na zauna na zama direba da tafinta. Tsoho da furfura, amma irin tunanin da nake yi ke nan a kan hanyar Maigatari.

Muna dawowa, tukunyar tana kan cinyarta ta rungume ta, sai ta ce, “Baffa, da babana yana asibiti ya taɓa ce mini mahaifiyarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Yana dariya ya faɗa, amma ban gane irin dariyar ba, kuma ban sami damar sake tambayarsa ba. Mamata ta ce saboda ya aure ta ne danginsa suka juya masa baya. Ni ban yarda ba. Na zo ne in ji da kunnena.”

Ashe ba tukunya kaɗai ta kawo ta ba. So take ta san ko an so mahaifinta a gidan da aka haife shi. Na san irin dariyar da Yaya ya yi, dariyar ɗan fari ce da ya san matsayinsa. Na dubi titi, na kauce wa wani rami, na ce, “Gobe za ki gan ta ai.”

Da hantsi muka isa ƙauye. Inna ta sa an share tsakar gida an shimfiɗa sabuwar tabarma a ƙarƙashin rumfa. A lokacin ta haura casa'in a ƙiyasinmu, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Ta jawo jikarta ta shafa fuskarta tun daga goshi har haɓa, ta daɗe a kan goshin. Sannan ta koma tsokana irin ta kaka da jika.

“Auta, wannan baƙuwar tawa a can ba a ba su abinci ne? Dubi wuya kamar na zalɓe. Gaya mata in ba ta shanye furar nan ba, ba ta kwana a ɗakina.”

Na fassara, aka yi dariya, ta sha fura har da lashe ludayi. Kwana uku ta shirya yi a ƙauyen, jakarta tana bayan mota. Da aka natsa ta fito da rikoda, 'yar ƙarama, ta ajiye a kan tabarma tsakaninsu, ta ajiye tukunyar a gefe. Ta gyara zama ta ce in gaya wa Kaka tana roƙon abu ɗaya: ta kira sunan mahaifinta, kamar yadda take kiransa yana yaro in ya yi nisa da gida.

Na faɗa wa Inna yadda ta ce, ban ƙara ba ban rage ba.

Inna ta kama bakin mayafinta ta rufe baki. Ta yi 'yar dariya ta kawar da kai, tsohuwa tukuf amma kunya ta rufe ta kamar yarinya.

“Kai, Auta, ka ji mini yarinya! Ni? A'a, wannan ba zai fito a bakina ba. Gaya mata mana.”

Gaya mata mana. Abin da Inna take nufi a fili yake: yi mata bayani, kai da ka san mu kuma ka san harshenta. Na juya wurin 'yar ɗan uwana na ce, “Ta ce sunan nan ba zai fito daga bakinta ba.”

Murmushinta ya tsaya. Ta ce, “Me ya sa?”

Na ce, “Ba ta faɗarsa. Tun da nake ban taɓa jin ta faɗa ba.”

“Saboda ya auri mamata?”

Na ɗaga kafaɗa na ce, “Tsofaffi suna da nasu dalilin.”

Duk abin da na faɗa gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma da wannan na daɗe ina kare kaina. Amma na san abin da nake yi. Ina kallon fuskar Yaya a fuskarta tana rushewa, wani abu a cikina yana jin daɗi. Na ce a raina, bari su ma su ɗanɗana, ko na minti goma ne, daga baya sai in gyara.

Ta matsa kusa da Inna ta kama gwiwarta, da 'yar Hausarta ta ce, “Kaka, don Allah.” A ina ta koyi “don Allah” ban sani ba. Inna ta juya fuskarta ga bango. Ba ka jin komai sai kaji suna tono da taɓaryar maƙwabta tana sauka a turmi. Ana cikin haka aka kira sallar Juma'a a masallacin ƙauyen, na miƙe na ce su ɗan jira ni.

Ban yi sauri ba. Bayan an idar na tsaya a bakin masallaci muna hirar taki da wasu tsofaffin abokai, har da raka wani ƙofar gidansa. Da na dawo na tarar Inna tana riƙe da hannun jikarta, ita kuma tana zaune a sandare, idonta ya yi ja. Ta zare hannunta a hankali, ta kashe rikoda, ta ce mini tana so mu koma Gumel yanzu.

Inna ta ji ana ɗaukar tukunya ta ce, “Ina kuma za ta? Ga shi na sa an ɗora tuwo.”

Na ce aiki ne ya taso mata.

Sai ta ce, “Auta, me ka gaya mata?”

Na ce, “Abin da kika ce.”

Ta dafa bango ta raka mu har bakin zaure, abin da ta daɗe ba ta yi wa kowa ba. Jikarta ta ce “na gode” ba tare da ta waiwaya ba, ta shiga mota.

Daga ƙauye zuwa Gumel ina da lokaci. Washegari da na raka ta Kano ina da awanni. Sau da yawa na buɗe baki, sai in ga cewa in na yi bayani yanzu, tambaya ta gaba ita ce me ya hana ni faɗa jiya. Wannan tambayar ce ba ni da amsarta, ko in ce ina da ita amma ba ta faɗuwa. Muka rabu a filin jirgi da gaisuwa mai sanyi. Na ce a raina zan rubuta mata idan ta huce.

Bayan wasu watanni ta turo mini bidiyon baje kolin a waya, ba tare da wani dogon rubutu ba. Zaure ne fari fat, mai faɗi. Ga tsofaffin hotunan nan a bango an ƙara musu girma, matar nan mai goyo ta kusa kai tsayin mutum. Ga tukwane a jere, mutane farare da baƙaƙe suna sunkuyawa suna kara kunne, wasu suna ɗagowa suna share ido. Mai ɗaukar bidiyon ya bi layin har ƙarshe, ya tsaya a kan tukunyar Maigatari, na gane ta da jan bakinta. Ya kusantar da wayar. Babu murya a ciki. Kaji ne kawai, da taɓaryar maƙwabtanmu. A gabanta akwai 'yar takarda da rubutun Turanci: “Mahaifina. Mahaifiyarsa ta ƙi kiran sunansa.”

Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma. A bango ga matan da Bature ya rubuta musu abin da ya ga dama a ƙasan hoto, don bai san su ba kuma bai damu ya sani ba. A ƙasa ga Innata, an rubuta mata nata, baƙi suna karantawa suna girgiza kai suna cewa wace irin uwa ce wannan. Wannan rubutun kuwa ba Bature ne ya jawo shi ba. Ɗanta ne, wanda ya sha nononta, ya san dalilin komai.

Na rubuta saƙo na goge. Na sake rubutawa na goge. Ban nuna wa Inna bidiyon ba. Duk ranar da na je ƙauye sai ta ce, “Baƙuwata ta kira?” In ce tana gaishe ki. Ta ce, “Ina amsawa. Ka ce ta dawo ta ci tuwonta.” Ban taɓa isar da saƙon ba, don ba ma magana.

Inna ta rasu bayan kaka, an gama ɗaure gero. Ciwon kwana huɗu ta yi. Na tura wa jikarta saƙo, ta amsa da layi biyu na ta'aziyya irin wanda ake yi wa maƙwabci. Na ce shi ke nan, magana ta bi mai ita. Har na fara samun barci.

Wata ranar Talata bayan la'asar ina zaure ina sauraron rediyo sai ga kiranta. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce an kai baje kolin wani gari, kuma jiya wata mata ta shigo, ma'aikaciyar jinya ce Bakatsiniya da ta daɗe a can. Ta tsaya a gaban tukunyar ta karanta takardar, ta nemi a kira mata mai aikin. Tambaya ɗaya ta yi: mahaifin naki shi ne ɗanta na fari? Da aka ce mata e, sai matar ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta ce ita ma 'yar fari ce, kuma har uwarta ta mutu ba ta kira sunanta ba. A tsaye a wurin ta yi mata bayanin komai.

“Minti biyu ta ɗauka, Baffa,” ta ce. “Gaskiya ne abin da ta faɗa?”

Na ce gaskiya ne.

“Ka sani a ranar?”

Na ce na sani.

Sannan ta ce ta cire takardar da hannunta tun jiya. Ta ce akwai wani abu kuma. Ranar nan da na fita salla rikodar ba ta daina aiki ba, kuma Kaka ta yi ta magana ita kaɗai har na dawo. Ita ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba, ta ɗauka faɗa ake yi mata a hankali, shi ya sa ta yanki shirun farko kawai ta sa a tukunya, ta ajiye sauran, ba ta sake saurara ba.

“Matar ta ce za ta fassara mini, na ce a'a. Babu mai jin Hausa da ya taɓa jin wannan. Kai nake so ka fassara. Zan riƙa tsayarwa.”

Na kashe rediyo. Ta kunna.

Muryar Inna ta fito daga wayar, ƙasa-ƙasa, yadda take magana in tana tsince wake. Rabona da jin ta wata uku ke nan.

“Ke ba kya jin abin da nake faɗa, shi ya sa zan faɗa miki. Ranar da wancan zai tafi, maza suka raka shi, ni ina daka ban ko ɗago ba. Suna fita na ɗauki igiya kamar zan je itace. Ta cikin gonaki na bi har tasha. Na laɓe bayan buhunan gyaɗa, ina hangen hularsa ta taga. Ban bar wurin ba sai da hayaƙin jirgin ya ɓace. Na dawo ba itace, na ce wa uban ban samu ba. Ba wanda ya sani, sai ke yau.”

Ta tsayar. Na fassara. Ni kaina ban taɓa jin wannan labari ba, ni da nake ganin babu abin da ban sani ba a kan Inna.

Ta sake kunnawa.

“Shekaru ina jin kukan jirgi in ajiye abin da ke hannuna. Har jirgin ya daina zuwa ban daina saurare ba. Sunan da kike nema yana nan, ban yar ba. Ni na ji shi farko da aka raɗa masa. Ba a faɗa ne, 'yar nan. Na farko ba a faɗa. Goshinsa ne wannan, ai na ji da hannuna.”

Na fassara. Ina jin numfashinta a ɗaya gefen, tana ja da ƙyar. Ta ce saura kaɗan, ta kunna.

“Wannan da ya fita salla, shi ya riƙe ni. Duk wahalata a wuyansa take, ban taɓa gode masa a gaban mutane ba. Yana jin zafin ɗan uwansa, na daɗe da sani. Ban san me ya gaya miki da Turanci ba, amma na ji hannunki ya yi sanyi. In wani abu ya ɓoye miki, kada ki riƙe shi. Yaro ne.”

Ta tsayar. Ina da shekara sittin da huɗu a ranar. Babu kowa a zauren, babu wani mai jin Hausa a kan layin sai ni. Da na ce addu'a ce kawai tsohuwa ta yi mata, da ta yarda, kamar yadda ta yarda da ni a kan tabarma.

“Baffa? Me ta ce?”

Na faɗa mata duka, kalma bayan kalma, har da “yaro ne.”

Da ta yi magana muryarta a dishe take.

“Kwana uku na zo in yi da ita, Baffa. Awa uku na yi. Ko sallama ban yi mata ba.”

Na ce na sani.

“Ta ce kada in riƙe ka. Na ji. Ban ce na iya ba tukuna.”